Mun karɓi kuɗin mujalla na shekara, kuɗin ya ƙare, masu karatu kuma kowa da abin da yake so

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Unguwar Rimi, Kaduna. Ni da abokina tun na firamare muke fitar da 'yar ƙaramar mujalla da Hausa a kan wasan labari na kan tebur, wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, a jefa dayis a ga ko ya dace. Farkon shekara mutum 140 suka biya mu kuɗin fitowa huɗu. Biyu muka ba su. Takarda da bugu sun yi tsada, abin da ya rage a asusu ba zai buga ta uku ba, balle ta huɗu. Abokina, wanda shi ke riƙe da kuɗi, ya ce mu koma tura ta a waya, mu kuma cika rabin shafukan da labaran wasannin waya da na kwamfuta, wai a nan masu talla suke. Da maganar ta fita a zaurenmu na WhatsApp sai wuri ya kaure. Wasu sun ce shiryayyun labaran wasa suke so a ƙara. Wasu sun ce mu fassara musu dokokin wani shahararren wasan labari na Turanci mai suna Dungeons & Dragons. Wasu sun ce mu cire bokaye da aljanu, wani uba ma ya ce dayis caca ce, ya hana ɗansa. 'Yan Zariya da Kano suna ƙorafin tasu ba ta isa sai bayan wata guda. Wani ya kira ni ɗan damfara a gaban kowa, kuma malamina na sakandare yana cikin zauren, bai ce uffan ba. Ni da abokina yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Barci ya ƙaurace mini. In rufe mujallar ne, ko in bi abokina, ko in bi masu karatu, kuma wane ɓangare daga cikinsu?

Mai mujalla daga Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam ƙanena.

Ka tambaye ni wane ɓangare za ka bi. Ajiye wannan tambayar tukuna, akwai wadda ta riga ta. Mutum 140, kowa yana bin ku fitowa biyu, kofi 280 ke nan. Wannan shi ne abin da ke hana ka barci, ba gardamar bokaye ba. Kuɗin da mai karatu ya biya tun kafin a buga mujalla ba riba ba ne, bashi ne, kuma haka masu lissafin kuɗi na gidajen jaridu suke rubuta shi a littafinsu, har sai kofin ya isa hannun mai shi. A fiƙihu ma an san irin wannan ciniki, inda ake biya yanzu a karɓi kaya siffatacce a wani lokaci da aka yanka, kuma idan mai sayarwa ya kasa kawowa, mai saye ne ke da zaɓi, ko ya jira ko ya karɓi kuɗinsa. Ba mai sayarwa ke zaɓar masa ba. Telan da ya karɓi yadi da kuɗin ɗinkin babbar riga ba zai kawo maka jamfa ranar jajiberin sallah ya ce ai ita ma riga ce ba. Shawarar abokinka ta tura mujallar a waya ba laifi ba ce a kanta. Laifin shi ne a yanke ta a bayan idon waɗanda suka biya kuɗin takarda.

Ba ku ne farkon waɗanda suka shiga wannan hali a wannan harka ba. A Amurka, kamfanin TSR, wanda ya fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ya fara buga mujallar Dragon a 1976, sannan ya ƙara da Dungeon a 1986. Daga 2002 wani ƙaramin kamfani mai suna Paizo ne ke buga su biyun da izinin Wizards of the Coast, kamfanin da ya riga ya mallaki wasan a lokacin. A 2007 aka ƙi sabunta musu izinin. Dragon ta tsaya a fitowa ta 359, Dungeon a ta 150, duka a watan Satumba na shekarar, alhali akwai masu rajista da suka biya kuɗin fitowar da ba za a taɓa bugawa ba. Paizo ba su yi shiru ba, ba su kuma zaɓar wa kowa ba. Suka ce wanda ke son kuɗinsa a mayar masa, wanda ke so ya karɓi tsofaffin fitowa ko ya sayi wani abu a shagonsu da ragowar kuɗin, wanda kuma ya yarda a juya masa rajistar zuwa wani sabon jerin labaran wasa da za su fara, mai suna Pathfinder. Da wannan jerin kamfanin ya miƙe, har a 2009 ya fitar da cikakken wasa da sunan. Mutanen da aka ba dama su tafi da kuɗinsu, da yawansu su ne suka zauna.

To haka za ku yi, daidai ƙarfinku. Ku zauna kai da abokinka, ku fitar da bayanin asusu daga banki, ku rubuta abu huɗu a takarda ɗaya: nawa ya shigo, nawa ya fita da inda ya tafi, nawa ya rage, da kuma nawa mai bugu zai karɓa yau, a rubuce da hannunsa, ba a baki ba. Daga nan kowane mai rajista ya samu saƙo da sunansa, ba a zaure kawai ba. Ku faɗa masa gaskiya cikin layi biyar, ba tare da dogon ban haƙuri ba, ku ba shi zaɓi. Ko a mayar masa da kuɗin fitowa biyu, da ranar da zai ga alat, ko da kashi biyu ne. Ko ya jira fitowa guda mai kauri da za ta haɗa ta uku da ta huɗu, da ranar fitarta. Ko ya karɓa a waya, ku ƙara masa da fitowar farko ta baɗi kyauta. Ranar da kuka sa, ku sa wadda kuka tabbata za ku cika, ku ƙara mako biyu a kanta kafin ku furta.

Wanda ya kira ka ɗan damfara, shi za ka fara mayar wa kuɗinsa, cif, ba tare da ka tanka masa a zaure ba. Malaminka kuwa ba saƙo za ka tura masa ba. Ka wanke ƙafa ka je gidansa, ka gaishe shi, ka miƙa masa takardar lissafin nan ya gani da idonsa. Shirun da ya yi ina jin jira yake ya ga yadda za ka yi.

Kafin ka ce fitowa mai kauri ma ta fi ƙarfinku, ka koma wurin mai bugu da wasu tambayoyi. Kofi 150 ba aikin babbar na'ura ba ne, domin kuɗin shirya na'urar kusan ɗaya ne ko kofi ɗari za a buga ko dubu, sai ya faɗo wa kowane kofi da nauyi. Ƙaramin bugu irin naku ya fi sauƙi a ƙaramar na'ura mai ɗauka kai tsaye daga kwamfuta. Takardar A4 a naɗe biyu, a ɗinke ta tsakiya da ƙusar takarda guda biyu, ciki baƙi da fari, bango kaɗai mai launi. Shafuka su tafi huɗu-huɗu, 32 ko 36 ko 40, don kada ku biya kuɗin takardar da ba komai a kanta. Taswira ta zauna a tsakiya daidai, inda mai jan labari zai iya zare ta ya shimfiɗa a gaban 'yan wasa ba tare da ya yaga mujallar ba. Ba wanda ya taɓa fasa wasa don zanen dodon ba shi da launi. Tsadar kuma ba ku kuka jawo ta ba: masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa ɗaukar nauyin ƙasar nan, yawancin takardar bugu daga waje ake shigo da ita, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki naira a Yuni, farashin duk abin da ake saye da dala ya ƙi zama wuri ɗaya. Wanda ya yanka farashin shekara a Janairu a irin wannan kasuwa ya ɗaure kansa da kansa. Nan gaba kada ku karɓi kuɗin da ya wuce na fitowa biyu, kuma kuɗin kowace fitowa ya zauna ba a taɓa shi sai ranar bugunta.

Maganar Zariya da Kano ba ta da tsawo. Zariya kusan kilomita 80 ce daga Kaduna. Abin da ya yi wata guda bai isa ba, ba hanya ce ta riƙe shi ba, a ɗakinka ya kwana. Ku samu mutum ɗaya a kowane gari, ku ɗaure ƙunshi guda, a ba direba a tashar Kawo, a tura masa lambar mota da ta direba, shi ya raba. Ladansa kofi kyauta.

Yanzu sai abin da za a sa a ciki, kuma a nan ina da ɓangare.

Abokinka ya yi daidai a lissafi, ya kuskure a magani. Mujallar da ke fita duk wata uku ba za ta iya tseren labarin wasannin waya da YouTube da TikTok ba, kafin ku buga labarin ya tsufa, kuma can kyauta ake samunsa. Mai talla kuma ba zai biya abin kirki don ya isa ga mutum 140 ba, ko wane irin wasa suke yi. Watakila zai kawo maka misalin White Dwarf ta Ingila, wadda kamfanin Games Workshop ya fara a 1977 tana kawo wasanni iri-iri har da na wasu kamfanoni, sannan zuwa ƙarshen shekarun 1980 ta juya ta koma kan kayan kamfanin kaɗai, su Warhammer. Tsofaffin masu karatu sun yi ta ƙorafi, ita kuwa tana nan har yau. Gaskiya ne. Amma ita akwai shaguna da masana'antar 'yan gumakan wasa a bayanta, mujallar tallar kayansu ce, ko ta kori tsofaffin masu karatu kayan za su biya. Ku ba ku da komai a bayanku sai waɗannan mutum 140. In kuka sauya su da wasu da ba su zo ba tukuna, kun saki na hannu.

Masu son fassarar Dungeons & Dragons suna da hujja, domin Turancin littattafan yana da nauyi kuma littattafan da tsada. Sai dai littattafan mallakar Wizards of the Coast ne, wanda kamfanin Hasbro ya saya a 1999, ba a fassara su a sayar haka kawai. Akwai ƙofa guda: a Janairun 2023, bayan 'yan wasa sun yi wa kamfanin ca a kan yunƙurinsa na sauya lasisin da ƙananan mawallafa ke aiki da shi, ya saki ginshiƙin dokokin, wanda ake kira SRD 5.1, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Wannan kowa na iya fassara shi, har ya sayar, muddin ya ambaci mai shi yadda lasisin ya ce. Amma shafi ɗaruruwa ne. In kuka zuba shi a mujalla zai cinye ta shekaru. Ku tsamo abin da sabon ɗan wasa ke bukata ya zauna a tebur, ku yi shi ɗan littafi dabam a waya, masu ƙorafin nan biyu ko uku su taya ku fassarar. A nan za ka gane wanda da gaske yake so da wanda surutu ne kawai.

Ni ina tare da masu neman shiryayyun labaran wasa. Dalilina shi ne wanda ke sayen mujalla irin taku ba kowane ɗan wasa ba ne, mai jan labari ne. Shi ne zai dawo daga aiki ko daga makaranta ranar Juma'a, gobe Asabar mutum biyar za su zo zaurensa bayan la'asar, kuma ba shi da abin da zai ja musu. Ka ba shi shafi takwas da zai buɗe ya fara, ya sabunta rajista ko bai karanta sauran ba. Dungeon da na ambata ba ta da wani aiki a farkonta sai wannan, labaran wasa zalla, ta kuma yi shekara 21 a takarda. Sannan a nan ne kaɗai kuke da abin da ba wani kamfani a duniya da zai ba mai karatunku. Ɗauki ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ga madugu mai yanke hukunci, ga jagaba a gaba yana duba hanya, ga uban dawaki, ga jakuna da kayan kanwa da ƙiraga da tufafin rini. An iso bakin kogi, ruwa ya kawo, masu fito sun ninka kuɗi, kuɗin wurin da ke cikin jaka ba zai isa ba, sarkin garin yana son gaisuwarsa kafin a sauka a zango, wani a cikin ayarin kuma yana aika wa 'yan fashi labari da dare. Ka sa taswirar zangon, sunayen mutum shida da abin da kowannensu ke ɓoyewa, da abin da zai faru idan 'yan wasa suka jira kwana uku ruwa ya janye. Wannan wasan yamma guda ne cikakke, kuma ba aljani ko ɗaya a ciki. In tushen irin wannan labari kake nema, ga tsohon garin Turunku nan kusa da ku, ga ganuwar Zazzau da dutsen Kufena. Ga Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk a cikin Kaduna, kuɗin keke napep ne tsakaninka da su.

Wannan ya kawo mu ga masu cewa a cire bokaye da aljanu. Kada ka ɗauke su a matsayin waɗanda ba su waye ba. A Amurka ma an yi wannan rigima a shekarun 1980, iyaye da majami'u suka taso wa wasan, har TSR ta cire sunayen shaiɗanu daga sabon bugun dokokin da ta fitar a 1989. Wasan bai mutu ba. Mu nan mun tashi da tatsuniyar Dodo da Gizo, ba wanda ya ce kakarsa ta koya masa tsafi, amma akwai tazara tsakanin a ba ka labarin boka da a ce kai ne bokan, ka faɗi da bakinka abin da za ka yanka wa iska. Wannan tazarar ita ce ke damun mutanenka, kuma ni ma ina ganinta. Mugun boka ya zauna a labari a matsayin abokin gaba in ana so, amma jaruman 'yan wasa su zama maharbi, maƙeri, ɗan kasuwa, unguwarzoma, ɗan saƙon sarki. Labarin da ke da irin waɗannan abubuwa kuma a rubuta a samansa, mai jan labari ya sani kafin ya kai shi gidan mutane.

Uban da ya ce dayis caca ce, shi ma ba daga iska ya ɗauko ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsananin gargaɗi a kan wasan nardi, wanda da dayis ake yin sa, kuma malamai sun yi magana mai yawa a kai. Kada ka shiga musun fatawa da shi a WhatsApp. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa, ka kwatanta masa wasan yadda yake, cewa ba a sa kuɗi, ba mai ci ba wanda aka ci, ka ji abin da zai ce, ka yi aiki da shi. Kuma ka sani wasan labari bai rataya a kan dayis ba. Tun 1991 aka fitar da wani mai suna Amber wanda ba a jefa komai a cikinsa, ana gwada ƙarfin jarumai ne da dabarar da ɗan wasa ya kawo. Kuna iya sa irin wannan hanya a gefen kowane labari: kowa a ba shi ƙwallon dabino goma, duk abu mai wuya yana da farashi, tsallake katanga biyu, shawo kan madugu uku, in sun ƙare sai jarumi ya huta. Rabin shafi ya ishe ku bayaninta. In bayan haka uban ya ce a'a, ɗansa ne, ka mayar masa da kuɗinsa da godiya.

Wani abu game da zauren nan naku. Ka koma ka ƙirga mutum nawa ne suka yi magana a rigimar. Zan yi mamaki in sun kai ashirin. Sauran sun yi shiru, kuma su ma kuɗinsu ɗaya da na masu ihu. Idan ka tambayi mutane me suke so, kowa zai zana maka mujallar mafarkinsa. Tambaye su wane shafi suka yi wasa da shi a fitowa ta biyu, sai ka ji amsa dabam. Mafi kyau ma ka je inda ake wasan, a Malali ko Barnawa ko Tudun Wada, ka zauna gefe ka yi shiru, ka karɓi kofin mai jan labarin ka duba. Shafin da ya yi dauɗa, aka lanƙwasa kusurwarsa, aka yi rubutu da fensir a gefensa, shayi ya ɗiga a kai, shi za ka ƙara. Shafin da yake fari tas kamar yau aka buga, ko kai ka rubuta shi kuma kana alfahari da shi, shi za ka rage. Ku kuma buɗe shafin wasiƙu, ku buga biyu mafi zafi a kowace fitowa da amsarku a ƙasa. Mutumin da ya ga ƙorafinsa a takarda yakan rage ihu a waya.

Batun rufewa, lissafin ne zai faɗa maka. In kun haɗa abin da ya rage da abin da za ku iya sawa daga aljihunku, ya isa a biya masu son kuɗinsu a kuma buga wa masu jira, to ku buga. In bai isa duka ba, ku biya bashin, ku dakata, ku sanar cewa kun dakata. Ba abin kunya ba ne.

Abokinka kuma, gidansu za ka je, ka gaida mahaifiyarsa kamar yadda ka saba, sannan ku fito waje. Kada kalmar zargi ta fito daga bakinka kafin ka ga bayanin banki, domin a wasiƙarka ban ga alamar ya ci kuɗi ba, na ga mutum ne da ya ga asusu yana ƙarewa ya firgita kafin kai. Daga yau kuɗi ba ya fita sai da sanin ku biyu, wannan kariya ce gare shi kamar yadda take gare ka. In ya nace a kan wasannin waya, ya buɗe shafinsa a intanet, inda abin ya fi dacewa, kai kuma ka sa masa talla kyauta a bangon baya.